Ƙanƙarar da Na Kira Ruwa

Ranar da na sauka a garin, wani ƙaramin birni can ƙuryar arewacin Norway, ina sanye da wata jibgegiyar rigar sanyi da na saya a gwanjon kasuwar Katako ta Jos. Mai gwanjon ya rantse mini daga ƙasar ƙanƙara aka kawo ta, har ya juya mini wuyanta in ga rubutun. Ƙarshen watan Agusta ne, mutanen garin na yawo da 'yar shara-shara, ni kuwa ina tafe kamar buhun dankali. Kallon da ake mini bai dame ni ba. Ni ɗan Jos ne, mu ne masu ba sauran 'yan Najeriya labarin sanyi, kuma na tabbata na zo da shirina. Sai da Oktoba ta kama na gane rigar nan ado ce kawai, iska na shiga ta ƙasa ta fita ta wuya ko sallama babu. Ban yi wa mai gwanjo Allah ya isa ba, amma na tuna da shi sau da yawa a tashar mota.

Sunana Nuhu. Kakana ya zo Jos daga ƙasar Kano zamanin haƙar kuza, mu kuma muka tashi a gefen ramukan da aka bari, waɗanda ruwa ya cika suka zama kududdufai. A kansu na yi digirina na biyu. Ina karɓar hotunan da tauraron ɗan'adam ke aikowa, ina ƙirga kududdufan tun daga Rayfield har Bukuru, ina auna faɗinsu rani da damina. Hotunan ba irin na kyamara ba ne, na rada ne: tauraron ya harbo sigina ƙasa, ya saurari abin da ya dawo masa. Wuri mai kaushi, kamar dutse ko gona, yakan mayar da siginar, sai ya fito fari-fari. Ruwa kwance kuwa zamewa siginar take yi a kansa ta wuce, sai ya fito baƙi ƙirin. Shekara uku ina wannan aiki, har idona ya saba, da na ga baƙi na san ruwa ne. Abokan karatu na ce mini Oga Kududdufi, ni kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda nake nunawa.

Wannan aikin ne ya sa wata cibiyar bincike ta ɗauke ni in je in auna ƙanƙarar teku. Sharaɗin a fili yake. Wata takwas na gwaji, in kwamiti ya gamsu a ba ni shekara uku, a kuma ba ni takardar da zan ɗauko matata Hauwa da 'yarmu Ummi, wadda na bari tana rarrafe. In bai gamsu ba, hanyar da ta kawo ni tana nan ba ta toshe ba. Saboda haka duk abin da na yi a garin nan, da lissafin watan Afrilu na yi shi.

Zangona na farko ɗakin haya ne da na kama tun ina gida, a hoto. A hoton tagarsa na kallon teku. Da na je sai na tarar ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, tagar kuwa daidai ƙafar masu wucewa. Na nuna wa mai gidan hoton, ya duba da kyau, ya ce ai wannan tagar bene ce, an sa ta ne don a ga kyan unguwar. Ban da bakin faɗa a garin da ban san ko hanyar kasuwa ba, na karɓi makulli. Cikin mako biyu na san takalman maƙwabtana kaf, ban san fuskar ko ɗaya ba.

Mutanen garin ba mugaye ba ne, sai dai gaisuwa na da tsada a wurinsu. Na taɓa tare wani maƙwabci na gaishe shi yadda aka koya mini, na tambayi gida, na tambayi aiki, na tambayi gajiya. Ya tsaya yana kallona, can ya ce, “Wani abu ya faru ne?” Daga ranar na koyi ɗaga kai kawai, amma abin ya daɗe yana mini ciwo.

Wata rana a cikin bas ina waya da Hauwa, ina gaya mata yadda attaruhu uku ke zaune cikin leda kamar gwal, sai na ji an taɓa kafaɗata.

“Kai! Hausa ne na ji? Daga ina?”

Na juya na ga wani ƙaton mutum da hular ulu. Na ce daga Jos.

“Wane Jos? Ni ɗan Anguwan Rukuba ne fa! Emeka sunana.”

Ya rungume ni a tsakiyar bas, Turawa na ta kawar da kai. Babansa kayan gini yake sayarwa a Jos, a can aka haife shi, shi kuma shekara tara ke nan yana aikin jinya a gidan tsofaffi. A gida akwai shekarun da ni ba zan shiga unguwarsu ba, shi ma ba zai shigo tamu ba. A bas ɗin nan ba wanda ya tuna da wannan. Ya kama hannun rigata ya murza, ya girgiza kai.

“Oga Nuhu, wannan riga ba zai yi ba. Zai kashe ka. Wa ya sayar maka?”

Na ce Katako. Ya yi dariya har da hawaye. Ranar Asabar ya zo ɗakina da rigarsa ta bara, da dogon wandon ulu na ciki, da wasu ƙarafuna da ake ɗaura wa takalmi don kada santsi ya kwashe mutum. Ya kuma kawo mini ƙullin acca, ya ce 'yar'uwarsa ce ta aiko. Na dafa gwate a daren farko, na ci ina share ido, na ce wa kaina yaji ne.

A wurin aiki shugabarmu wata farfesa ce, Ingrid, doguwa, mai saurin tafiya da saurin magana. Ta ce in riƙa kiran ta da sunanta kawai. Bakina ya ƙi. Mace sa'ar innata, in kama sunanta gatsal? Farfesa na ci gaba da ce mata, har ta gaji ta ƙyale ni.

Ita ta zaunar da ni ta yi mini bayanin abin da ake nema. Tekun da ke can saman duniya yana daskarewa da hunturu, wani ɓangarensa ya narke da bazara. Farar ƙanƙara na mayar da zafin rana sama, baƙin teku kuwa shanye shi yake yi, kamar bambancin farar riga da baƙa a tsakar rana. In ƙanƙarar ta ragu, duniya ta ƙara riƙe zafi, kuma zafin ba a can kaɗai zai tsaya ba. Don haka ake son sanin faɗinta wata bayan wata, shekara bayan shekara. Ba mai iya zagaye wannan teku da igiyar awo, ga duhun watanni, ga gajimare. Sai rada, wadda ba ruwanta da dare ko hadari.

Nawa aikin shi ne in buɗe hoto a kwamfuta, in zagaye inda yake ruwa da shuɗin layi, inda yake ƙanƙara da ja. Da waɗannan zane-zanen za a koya wa kwamfuta ta riƙa rarrabewa da kanta. Wato ni ne malaminta, abin da na biya mata shi za ta riƙe, daidai ne ko kuskure.

Kashin farko da aka ba ni hotunan ƙarshen bazara ne. Na duba na yi murmushi. Tsohuwar ƙanƙara fari-fari, ruwan da ke tsakaninta baƙi, tamkar kududdufan Rayfield sun biyo ni. Aikin wata guda na gama shi a mako biyu. Farfesa ta duba, ba ta sami abin gyara ba, ta yabe ni a gaban kowa a taron sashe. Daga nan ta tura mini hotunan kaka da na hunturu, ta shiga hidimar koyarwa da tafiye-tafiye, ta bar ni da amana.

A ofishin da ke kusa da nawa akwai wani dattijo, Arne. Da can ma'aikacin jirgin kamun kifi ne, daga baya ya shekara fiye da talatin yana zana wa jiragen ruwa taswirar ƙanƙara, tun ana yi da fensir. Ba shi da wani digiri na a zo a gani. Wata safiya ya leƙo da kofin gahawa a hannu ya ce, “In ka shiga hotunan kaka, ka zo mu zauna tare kwana biyu. Ƙanƙarar kaka wayo gare ta.”

Na yi masa godiya mai yawa, irin godiyar da Bahaushe kan yi in ba zai zo ba. A zuciyata na ce, ni da farfesa ta yaba a bainar jama'a, tsohon masunci ne zai koya mini karanta rada? Akwai kuma wani kundi da aka ba ni ranar farko. Na karanta shafukan gaba, na ga duk abin da na sani ne, sai na sa shi ƙarƙashin kwamfutata don ta ɗan ɗago. An ce mai tambaya ba ya ɓata. Ni ban tambaya ba.

Ƙarshen Nuwamba rana ta faɗi ba ta sake fitowa ba. Da tsakar rana sai wani shuɗin haske ya ɗan leƙo na awa biyu ya koma. A ɗan masallacinmu aka ce mu bi lokutan Makka, sai ga ni ina sallar azahar fitilun titi na kunne. Kewar gida ta kama ni sosai a watannin nan. Ina kewar hayaniyar kasuwar Taminus, da ƙamshin karas da kabeji a Farin Gada, da masu keke da ke zagin juna suna dariya. Ummi ta fara tafiya ina kallo a waya, taku uku ta faɗi zaune, hoton ya tsaya cak saboda sabis. Ban san abin da zan yi da zuciyata ba, sai na zuba ta a aiki. Na riƙa zana ninki biyu na abin da aka nema, shuɗi, ja, shuɗi, ja, ina ce wa kaina kowane hoto taku ɗaya ne zuwa Afrilu.

A watan Fabrairu, bayan rana ta dawo, aka kwashe mu sababbi zuwa wani lungun teku da ya kutsa tsakanin duwatsu, inda ruwa ke daskarewa, don mu ga ƙanƙara da idonmu. Arne ne jagora. Wata shida ina auna ta daga sama, ranar ce ta farko da na taka ta. Ƙanƙarar da na sani a gida ita ce wadda ke zubowa da ruwan farko ta farfasa wa manoma tumatir, sai kuma ta cikin kular masu zoɓo. Wannan kuwa fili ce guda, ana tafiya a kanta. Muka huda ta da wani dogon ƙarfe, muka zura awo, na ɗanɗana gutsurenta na ji gishiri.

Daga nan Arne ya ja mu ta gefen gaɓa zuwa inda farar ta ƙare. Iska na kaɗawa sosai ranar. Can gaba ruwan teku na ta tsalle, toka-toka. Amma tsakaninsa da farar ƙanƙara akwai wani shimfiɗaɗɗen wuri baƙi, sumul, ko motsi ba ya yi. Na nuna da hannu, don a san ni ma ina lura, na ce, “Ga inda ruwan ya kwanta.”

Arne ya miƙa sandarsa ya danna wurin. Sai na ga baƙin nan ya lotsa ya dawo, kamar jiƙaƙƙiyar fata. Ya soka sandar ya ɗago wani ɓallin abu, kaurinsa bai kai yatsa biyu ba, ruwa na ɗiga daga jikinsa.

“Sabuwar ƙanƙara,” in ji shi. “Ta jiya ce ko shekaranjiya. Saboda siririya ce kake hango duhun ruwan da ke ƙasa. Saboda sumul take, rada ma baƙa take ganin ta, daidai da ruwa kwance.”

Na ce, “To ta yaya ake bambancewa?”

“Iska za ka tambaya. Ka duba rajistar iskar ranar da aka ɗauki hoton. Teku ba ya kwanciya in ana iska, yana yin kaushi, ya fito fari. In ka ga ana iska amma wuri ya yi baƙi, to wani abu ne ya rufe shi. Ka duba sanyin ranar, ka duba hoton jiya. Da kaka rabin abin da za ka gani baƙi, wannan ce.”

Sauran ɗalibai na ta ɗaukar hoto. Ni kuwa kududdufan gida nake gani. Ƙanana ne, a cikin rami suke, ganuwar ƙasa ta kare su, iska ba ta cika damun su ba, kuma ba su taɓa daskarewa ba tun da aka haƙa su. A can baƙi ruwa ne kullum. Ban taɓa buɗe rajistar iska ba ko sau ɗaya, don a Jos ban taɓa bukatar ta ba.

Washegari na riga kowa zuwa ofis. Na zaro kundin nan daga ƙarƙashin kwamfuta, na tarar babi guda ne sukutum a kan wannan magana. Na ɗauko hotuna ashirin cikin waɗanda na gama, na jera su da rajistar iska. Goma sha uku na sa shuɗi a inda ya kamata in sa ja. Na sake ɗauko wasu ashirin, labarin bai canza ba. Aikin wata huɗu ke nan, kuma tuni an fara koya wa kwamfuta da shi. Saura mako bakwai kwamiti ya zauna.

Emeka kaɗai na iya gaya wa. Na same shi ranar hutunsa yana soya ayabar filanten. Ya saurare ni har na gama, ya rage wuta, ya ce, “Wa ya sani?”

Na ce ba kowa.

“To abeg, ka yi shiru. Bari su sa hannu tukuna. Madam ya zo, yarinya ya zo, sai ka gyara abinka small-small. Ba sata ka yi ba, mistake ne. Oga Nuhu, ni shekara huɗu na yi ban ga yarana ba saboda takarda ɗaya. Na san wannan abu. Mutanen nan suna da kirki, amma takarda ba shi da kirki.”

Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, ƙauna ce, shi ya sa maganar ta shige ni. Na bi shawararsa. Na fara gyara a ɓoye, hoto biyar yau, shida gobe, ina rufe allon in na ji takun mutum. Da na yi lissafi sai na ga ko barci na daina ba zan gama kafin Afrilu ba.

A gida kuwa Hauwa ta fara zagayen sallama. Ni na ce mata ta fara, tun a Janairu, lokacin da nake ganin takardar kamar tana aljihuna. Ta je gidan kawunnanta, ta je na gwaggonnina, ta je har Bukuru wurin kakarta. Kowa ya sa albarka, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, wannan kuka, wannan daddawa, wannan yajin da ya daka da hannunsa. Masu kawo mata ɗinki ta raba su ga ƙawayenta. Kullum sai ta nuna mini akwatin a waya tana dariya, tana tambaya ko za a bar ta ta shigo da man shanu. Ina dariyar tare da ita, in mun gama in zauna ina kallon takalman mutane.

Mako biyu kafin kwamiti Farfesa ta kira ni ofishinta. Fuskarta a sake. Ta juyo mini da allon kwamfutarta ta nuna mini wani zane. Kwamfutar da aka koya wa da aikina ta nuna cewa a wani yanki na tekun ƙanƙara na makara wajen kamawa da kaka, fiye da yadda kowa ya zata. Ta ce abin mamaki ne, za ta kai shi wani taro da bazara, kuma sunana zai fito a kai. Sannan ta jawo wata takarda, rahotonta ne ga kwamiti a kaina, ta ce saura sa hannu kawai. Ta ɗauki biro.

Na san daga inda makarar nan ta fito. Ba daga teku ba ne, daga shuɗin layina ne. Ƙanƙarar ta kama a kan lokacinta, ni ne na kira ta ruwa. Na ga kuskuren da na yi ni kaɗai a ofis ya yi ƙafa, zai shiga taro, wasu su ɗauka su ɗora nasu aikin a kai. Na kuma ga akwatin Hauwa. Ba zan ce jarumta ce ta motsa ni ba. Kawai na ji in biron nan ya taɓa takarda, duk ranar da na kalli matata da 'yata a garin nan zan san da me na kawo su.

Na ce, “Farfesa, kafin ki sa hannu, akwai abin da ya kamata ki gani.”

Na buɗe mata hotunan da rajistar iska. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗa mata duka: kundin da ban karanta ba, tayin Arne da na ƙi, da mako biyar da na yi ina gyara a ɓoye. Ta ajiye biron. Kunnuwanta suka yi ja. Ta daɗe tana latsa hotunan ɗaya bayan ɗaya.

“Nawa ne?”

“Kusan duk na kaka, da rabin na hunturu.”

“Kuskuren bai ba ni haushi kamar mako biyar ɗin nan ba,” in ji ta. “Ni ma da laifina, na duba na bazara na sake maka sauran. Amma ka san abin da ya sa muke tsoron irin wannan? Ƙanƙarar nan tana raguwa da gaske. In muka ƙara ko kaɗan a kan gaskiya aka kama mu, gaskiyar ma ba za a sake yarda da ita ba.”

Ta mayar da rahoton cikin aljihun tebur. Ta ce za ta rubuta wani, kuma za ta rubuta cewa ni na kawo maganar da kaina, amma ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Kwamiti ya zauna ranar wata Talata. Ba su kore ni ba. Sun ƙara mini wata shida na gwaji, in sake aikin daga farko, a duba. Takardar iyali kuwa sai bayan nan, in an gamsu. Da na fito na tarar da Arne a bakin ofishina da kofi biyu, ya riga ya jawo kujerarsa kusa da tawa. Bai ce ai na gaya maka ba, ranar ko bayanta. Cewa ya yi, “Buɗe na farkon Oktoba. Me iska ta ce?” Na ji kunyar dattijon nan har cikin ƙashina, na kuma ji ƙaunarsa. Emeka da na gaya masa, ya yi tsaki ya ce, “Kai, Hausa man da taurin kai!” Sannan ya ce in zo in ci shinkafa.

Saura Hauwa. Na kira ta da la'asar ɗinsu, ina jin ƙahon keke a bayan gida da muryar Ummi tana rigima da wani abu. Na ce, “Maman Ummi, zauna, magana ce.” Na faɗa mata tun daga kududdufi har kwamiti, ban rage ba. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya, abin da ba halinta ba ne.

Da na gama ta ce, “In tambaye ka. Da ka yi shiru, da mun zo?”

Na ce, “Da kun zo.”

Na duba ko layin ya yanke, sai na ji muryarta.

“Na yi sallama da kowa, Baban Ummi. Har Kaka ta yi kuka ta ce ba lalle mu sake ganawa ba. Yanzu in fita a ce, a'a, Hauwa, ba ki tafi ba? Gida nawa zan shiga in yi bayani?”

Na ce ta yi haƙuri.

“Na san abin da kake jira in ce,” in ji ta. “Ba zan faɗa yau ba. Ka bar ni in yi kukana yau.”

Ta kashe wayar. Na zauna da ita a hannu, ban taɓa jin nisan Jos kamar na wannan yammacin ba.

Washegari da hantsi ina zaune da Arne, muna kan hoto na huɗu, wayata ta yi ƙara. Na fita baranda na ɗauka. Muryarta a dushe take, ta wadda ba ta yi barci ba.

“Ka yi daidai,” ta ce. Ta ja numfashi. “Ka karya kuwa?”